Hasken Da Ya Dawo Mini a Ido

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna? Ka gaishe ta, ka ce mata ina cin abinci sosai.

Ni lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ka san gwajin da nake yi da hasken lesa, siririn hasken nan mai ƙarfin ƙona abu, don kammala digiri. Tun farko na roƙi malamin da ke duba aikina ya zo ya ga yadda na jera madubai, ya ce, "Ci gaba, yaro, na yarda da kai." Yarda! Ko leƙowa bai taɓa yi ba. Madubi ɗaya ya karkace, hasken ya dawo mini a ido. Yanzu kullum malamin yana zuwa duba ni a asibiti, yana ba ni shawarar da na nema tun bara.

Likita ya ce a jira. Ina ganin hanya, amma haruffa sun ƙi tsayawa, ni da na koya wa kaina karatu da guntayen jarida. Abokin ɗakina ke rubuta wannan.

Kar Inna ta ji. Littattafan da ke ƙarƙashin gadona, ka ba Auta duka. Kar a ajiye mini ko ɗaya.

Ƙaninka.