Sunanka a Bakin Taga

Barira ce ke rubuta mini wannan, malamar lakkwal, wato makarantar boko, ta gidan bayanmu. Ta shimfiɗa tabarma gindin tsamiyarka, ta ce duk abin da na faɗa shi za ta sa, ba ragi ba ƙari. In ka ji magana ta karkace, to bakina ne, ba alƙalaminta ba.

Zuwa gare ka, mai gidana, inuwar gawona cikin bazara, ruwan randata mai sanyi, hadarin gabas da ke sa manomi murmushi! Kai zumar da na yi shekara hamsin da ɗaya ina lasa ban ƙoshi ba! Ina gaishe ka, ina gaida idanunka biyu, Allah Ya yaye yanar da ta rufe su. Ke kuma Bushira, matar ɗana, na san ke za ki karanta mishi. Ki karanta da baki, ki toshe kunne.

Yau kwana arba'in rabona da Yamai, kwana arba'in ba ka karɓi salula ka ji muryata ba. In ɗanmu Zakari ya kira ya ce ga Inna, sai in jiyo tarinka, in jiyo ka ce barci kake. Yaushe ka fara barcin hantsi, kai da ko zakara bai taɓa riga ka tashi ba? Na sani, fushi kake. Kana cewa na baro ka da ido a rufe cikin garin mutane, na gudo Madarunfa wajen awaki. Ka yi fushinka, hasken gidana, ka isa. Amma ka saurare ni.

Garin nan ya wahalshe ni, wannan ba ƙarya ba ne. Gida kamar akwati, ƙofar ƙarfe a kulle dare da rana. Na leƙa katanga in gaida maƙwabta, kare ya amsa mini! Na yi sallama da Hausa, anka mayar mini da Zabarmanci, na sake yi, anka mayar da Faransanci. Famfo ka murɗa shi sai ya yi ta tari kamar tsoho, ba ko ɗigo. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ɗaki ya koma tanda, mu biyu muna gasuwa kamar waina. Na nemi turmi in daka maka furar da kake so, mai citta da kanumfari, anka ce dakan asuba yana damun mutanen bene. Wane irin gari ne ƙarar turmi ke damun mutane, amma ƙahon mota ba ya damunsu? Sai furar roba mai sanyin kashe haƙori, ina kallonka kana sha don kar yara su ji kunya. Hanya kuwa, ranar da na fita sayo maka goro, tun hantsi nake tsaye bakin kwalta, mota na bin mota, 'yan kabu-kabu na wucewa kamar zirnaƙo, har wata mai tallar yalo ta ji tausayina ta kama hannuna ta ƙetarar da ni kamar akuya. Ga warin kwatami. Ga sama ba ta ganuwa sai ɗan yanki tsakanin gini da gini, hadari ya taso ba ka sani ba sai ya sauko maka a ka.

Duk wannan da na jure. Wallahi da na jure! Ni da na bi ka Katsina cin rani da goyo a baya, shekarar da gero ya ƙi? Ba famfo ya kore ni ba, ba kare ba, ba mota ba.

Ka tuna ranar tabki? Ina wanki bakin ruwa, bado ya buɗe fari fat, balbelu sun jeru kamar 'yan biki. Ka turo kwalekwalenka har gaban duwatsun wankina. Ka tuɓe hula, ka sa tarwaɗa mai rai a ciki, ka miƙo mini. Wane saurayi ke zance da tarwaɗa? Ta yi tsalle ta faɗa cikin kumfar sabuluna, muka bi ta mu biyu, ka zame ka zauna cikin taɓo. Ƙawayena sunka yi ta dariya, ɗaya ta kira sunanka da tsokana. Tun daga ranar nan sunan ya shige ƙirjina ya zauna, ban sake fito da shi ba. Uwata ba ta taɓa faɗin sunan ubana ba, ni ma haka na tashi. Malam nake cewa, mai gida nake cewa. Ko ɗan maƙwabta da anka raɗa wa sunanka, Mai Suna nake kiransa har ya yi gemu.

To ga abin da ban gaya maka ba. Barira, rubuta a hankali.

Ranar da za a yi maka aikin ido, ka tuna Zakari ya aje mu ƙofar asibiti ya koma ɗauko takardun da ya manta, cunkoson motoci ya riƙe shi a gada. Na zaunar da kai gindin dogon yaro can wajen ƙofa, na ba ka sandarka, na shiga layi. Tun safe nake tsaye, ana ture ni ina turewa, har na kai bakin wata 'yar taga. Yarinyar da ke ciki, sa'ar jikata, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce ba komi in babu takarda, sunan yana cikin littafinta, in faɗi sunan maras lafiya kawai.

Na ce mai gidana ne. Ta ce sunansa. Na ce Malam, na Madarunfa, mai kamun kifi. Ta ce sunansa, Iya. Na ce baban Zakari. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sunan ya taso har maƙoshi ya tsaya kamar ƙayar kifi. Ga maza a bayana, ga mata, kowa na jira. Wani ya ce tsohuwa ta manta sunan mijinta, layi ya kwashe da dariya. Ni, na manta sunanka? Sunan da nake kwana da shi nake tashi da shi? Na fita da gudu in kawo ka ka faɗa da bakinka. Kafin mu tako a hankali, kai da sanda ni da hannunka, an rufe taga. Anka ce sai bayan wata biyu.

Ka tambaye ni mi ya faru. Na ce likita ne bai zo ba.

Ƙarya na yi maka, sanyin idona. Likita ya zo. Ni ce na hana ka ganin rana wata biyu, da kunyar da na ɗauka ado ce. Ka ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, har ka lallaɓo hannuna kana ba ni haƙuri don na sha tsayuwa. Wannan haƙurin ne ya kore ni. Kwana uku ina kallonka kana laluben buta, kana karo da kujerun Zakari, kana tambaya ko gari ya waye. Kowane karo da ka yi, a ƙirjina yake sauka. Sai na ce awaki ba mai ba su ruwa, na shiga mota.

Na iso gida, gidan bai karɓe ni ba. Ina amfanin turmi in ba mai shan furar? Shamuwa ta dawo kan tsamiya, ba wanda zan ce wa fito ka gani. Kwalekwalenka na kife bakin tabki, rana na tsattsaga shi, ni ma haka nake. Ashe hayaniyar Yamai da kai a gefena ta fi mini shirun Madarunfa!

Zakari ya ce saura kwana goma sha bakwai a sake kiran ka. Ina so in dawo. Zan sha furar roba, zan gaida karen maƙwabta, zan tsaya bakin kwalta har azahar. Ni zan riƙe maka sanda, ni zan shiga layin nan, don fuskata nake so ka fara gani ranar da anka kwance maka ido, duk da ta tsufa ta yi yamutse kamar busasshiyar kuɓewa. Amma ba zan taho ba sai ka karɓi salula ka ce ka yafe. Kalma ɗaya, mai gidana. In ma faɗa za ka yi, yi, muryarka nake nema.

Kana tsoron in sake tsayawa bakin taga kamar gunki? Kullum da hantsi ina zuwa bakin tabki inda ba kowa, ina gwadawa. Jiya har ya kusa fita, wani mai jaki ya wuce. Barira ta ce in bari ita ta rubuta, ai ta san shi. A'a. Mun yi da ita sai abin da na faɗa. Bai kamata yarinyar taga ta riga ka ji ba.

Ni ce taka, Ɗelu, taka tun ranar tabki, taka har ranar da za a miƙe ni gabas, in Allah Ya yarda har can gaba ma taka.

Barira, daina kallona. Dubi takardarki.

Ilyasu.

Ilyasu na. Ka yafe mini.

Kai, na gaji. Aje alƙalamin haka nan.

Ni Barira na ƙara wannan: daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska.