Asirin Kamfanoni Biyu a Fayil Ɗaya

Ustaza Suhair, ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ni da ɗan baffana Gassan muke da ƙaramin ofis a garin Irbid. Aikinmu gwada shafukan intanet na kamfanoni, mu gano kafar da ɓarawo zai bi kafin shi ya gano. Manhajar da muke aiki da ita tana tara duk abin da muka taɓa a shafi cikin fayil guda, har kalmomin sirri, don haka ƙa'idarmu kowane kamfani da fayil ɗinsa. Ni kuwa sarauniyar ganda, da na gama da wani kantin magani sai na ɗora aikin kamfanin inshora a kan tsohon fayil ɗin, wai na raba daga baya.

Ranar Alhamis masu inshora suka nemi fayil, ina sauri in cimma mansaf, wato shinkafa da naman rago, a gidan surukata, na tura. Sai a mota na tuna: sunayen marasa lafiya da magungunansu suna ciki! Na isa gidan, amma ko loma ban kai ba. Da na koma ofis na tarar saƙon ya dawo, wai fayil ya yi girma. Na zauna a ƙasa ina dariya ina kuka. Gassan bai sani ba, har kunafa, kayan zaƙin nan, ya sayo mana. In gaya masa? Ina tsoron ya daina yarda da ni.

Mai Ajiyar Zuciya

Ɗiyata, barka da arziki, ki ci kunafarki. Tsoronki yana kan hanya, kuma tunda ba abin da ya fita, na san shiru zai yi miki daɗi. Amma ofishin naku ne ku biyu, marasa lafiyan nan kuma amanarku ce tare. Ki gaya masa gobe da safe, bayan kin tabbatar saƙon bai isa ko'ina ba. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi.

Sannan ki tsamo na inshora zalla ki tura musu, na kantin magani ki goge tunda aikinsu ya ƙare. Daga yau sabon aiki, sabon fayil, da suna da kwanan wata, kuma kafin komai ya fita ɗayanku ya buɗe ya duba. Gandarki ce ta kumbura fayil ɗin har ya maƙale a ƙofa, kuma ba za ta cece ki sau biyu ba. Allah ya ƙara rufa asiri.