Gyaɗar Kwanon Gida

Unguwar Turaki,
Jalingo.
Farkon Nuwamba.

Zuwa ga 'yata Mufida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Jamil. Yaya nauyin jiki? Allah Ya raba ku lafiya. Kada ki karya dokar likitanki ki kamo hanya daga Zariya da wannan tsohon ciki. Dadarki, mahaifiyarki, da kanta ta ce in ja miki kunne.

Na zaɓi in rubuto ne saboda kunnena ya yi nauyi. A waya rabin maganarki nake ji, ke kuma ba ki bari in kai ƙarshen tawa kuka ya ci ƙarfinki.

Sakamakon gwajin Dadarki ya fito. Ciwon daji ne, a hanta, kuma ya yi nisa. Likita ya ce lokacin tiyata ya wuce, abin da ya rage shi ne a sassauta mata zafi, a kula da cinta da barcinta. Na saurare shi har ya gama, na yi masa godiya, na fito na saya mata lemon da ta ce tana marmari. Na yi zaton baƙin ciki zai tare ni a hanya, bai tare ni ba. Har yau ina jiransa kamar mai jiran mota a tasha. Ina cin abinci, ina zuwa masallaci, ina amsa gaisuwar mutane, amma kamar wani ne yake yi ina kallonsa.

'Yan dubiya ba sa yankewa, kuma babu mai zuwa hannu sake. Teburin da nake karatu a kai ya cika da kwalabe da ƙulle-ƙulle: garin kurkum, man habbatus sauda, zumar Gembu, tafarnuwa, sassaƙe iri-iri, har da fitsarin raƙumi a gorar ruwa. Kowa yana da labarin wani da ya sha ya miƙe, amma ban ga wanda ya zo da mutumin ba. Ba na mayar da hannun kowa, domin ƙauna ce ta kawo su. Maƙwabciyarmu Rebeka, wadda ta goya ki kina jaririya, ita kuma ganyen tuwon biri take dafowa daga itacen gidanta, wai an ce a waya yana kashe ciwon daji. Tun da labarin ya bazu mutane suke tsinke itacen nan, har ya koma tsirara.

Na tambayi likita game da su. Bai yi mini dariya ba. Ya ce lallai akwai magungunan ciwon daji da aka samo daga tsirrai, amma sai da aka shekara ana tace su, ana gwada su, ana auna abin da jiki zai iya ɗauka. Ganyen tuwon biri, in ji shi, an ga alamun amfaninsa a ɗakin bincike, ba a tabbatar ba a jikin mutum, kuma hantar da ta gaji ba a ƙara mata kaya. Saboda haka zuma kaɗai nake ba ta, sai 'yar kurɓar ruwan ganyen Rebeka idan ta matsa, don kada ƙawarta ta ji kunya.

Ya kuma yi mini tambayoyi da yawa a kan sana'arta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wannan sai wani jiƙon, ban gama juya shi a raina ba.

Yayanki Nasiruddeen yana zuwa daga Lau kowace Asabar. Goggonki Hamna, yayar Dadarki, ta tare a gidan don jinyar ƙanwarta. Kowa yana gaishe ki.

Naki mahaifi,
Hammanjoda Saleh.

Unguwar Turaki,
Jalingo.
Ƙarshen Nuwamba.

Zuwa ga 'yata Mufida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da surukanki. Takardarki ta iso ta hannun direba, na karanta wa Dadarki har sau biyu. Idonta ya yi rawaya, cikin ya ƙara kumburi, amma hankalinta daram.

Wani abu ya faru a gidan nan da ya kamata ki ji daga gare ni. Wata safiya Dadarki ta kurɓi ruwan ganyen nan ta yi amai mai yawa. Goggo Hamna ta yafa mayafi ta fita, ta dawo da maganar wani mai duba, wai ciwon sammu ne, akwai hannun mutum a ciki, kuma mai hannun na kusa ne, yana shiga gida ba sallama. Kin san mutum ɗaya ce take shigo mana ba sallama, ta 'yar ƙofar nan da muka huda a katanga ni da marigayi Matiyu, mijin Rebeka, don matanmu su huta da zagaye. Goggo ta ce ai da ma Rebeka ta daɗe tana hangen masu sayen man Dadarki. Kafin in dawo daga masallaci ta sa an buga kwanon rufi an toshe ƙofar. Da na yi magana sai ta ce: “Kai dai Hedimasta, bokonka ya hana ka ganin abin da makaho ma ya gani. Ka ajiye alli tuntuni, nan ba aji ba ne.”

Goggo ce ta raini Dadarki, kuma ban taɓa jin ta musa mata ba. Wannan karon ma ba ta musa ba. Cewa kawai ta yi Allah ne masani, ta juya fuskarta bango. Tun ranar ba ta sake ambaton sunan Rebeka ba. Ita kuwa Rebeka kowace safiya sai ta tsaya bayan kwanon ta ɗaga murya yadda kunnena zai ji, da irin Hausarta: “Baban Nasiru, yaya jikin 'yar'uwana? Ya ci abinci?” In ce da sauƙi. Ta ce to, ta ja ƙafa ta koma.

Yanzu ga abin da likita ya faɗa mini. Kin tashi kin ga yadda suke aikinsu su biyu, Dadarki da Rebeka: buhu a tsakiya, faifai a cinya, kwano biyu a gefe. Gyaɗa mai kyau ta tafi kwanon kasuwa. Motsattsiya, da mai ɗaci, da wadda ta yi fumfuna saboda danshin damina, su tafi kwanon gida. Dadarki takan ce ba a sayar wa mutum abin da zai tofar, ba a kuma zubar da abincin Allah. Daga kwanon gida ake dama mana kunu, ake yin miyar taushe, ake soya ƙulin da kuke zuwa makaranta da shi. Ita kuma tana tsinta tana jefawa a baki don ta ji wadda ta lalace. Haka ta yi tun tana amarya.

Likita ya ce fumfunar gyaɗa da ta masara tana barin wani dafi wanda wuta ba ta kashe shi, yana cin hanta a hankali shekara da shekaru. Sun kuma sami ƙwayar cutar hanta a jininta, wadda suke kira hefataitis B, mai yiwuwa tun tana yarinya take ɗauke da ita ba ta sani ba. Idan biyun nan suka haɗu a jiki ɗaya, in ji shi, hatsarin yakan ninku. Ya ce ba zai rantse a kan dalili guda ba, ilmi bai kai nan ba, amma su yake zargi kafin komai.

Saboda haka ina umartarki, ba shawara ba ce, ki je a gwada jininki kafin ki haihu. Ya ce ƙwayar takan bi uwa zuwa ɗa, kuma akwai allurar da ake yi wa jariri ranar haihuwa. Na faɗa wa Nasiruddeen shi ma.

Abin da ban yi ba shi ne faɗa wa Dadarki. Idan na yi shiru, za ta koma ga Ubangijinta tana zargin matar da suka ci kwano ɗaya shekara arba'in, Rebeka kuma ta ƙare rayuwarta a unguwar nan ana nuna ta da baki. Idan na yi magana, na gaya wa mai jinya cewa hannun da ta ciyar da 'ya'yanta da shi, da tattalin da take alfahari da shi, su ake tuhuma. Na koyar da yara shekaru masu yawa cewa gaskiya ɗaya ce. Ban taɓa faɗa musu wa ya kamata ya ɗauki nauyinta ba. Ina zama kusa da gadonta in buɗe baki, sai in ji ina tambayarta ko a ƙara mata matashi.

Ki yi mana addu'a. Ki gaida Malam Jamil.

Naki mahaifi,
Hammanjoda Saleh.

Unguwar Turaki,
Jalingo.
Tsakiyar Janairu.

Zuwa ga 'yata Mufida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Ina yi miki gaisuwar haihuwa da ta rashi a takarda ɗaya, haka Allah Ya tsara mana. Yaya jego, yaya jaririya? Na ji an mayar mata da sunan Dadarki. Allah Ya raya Hajaratu ƙarama, Ya saka wa Malam Jamil da alheri. Na kuma ji cewa da aka sami ƙwayar a jininki an yi wa yarinyar allurarta tun ranar da ta faɗo. Ki riƙe ganin likita, kada ki yi wasa. Na Nasiruddeen da nawa sun fito babu komai.

Kin tambaya yadda kwanakinta na ƙarshe suka kasance. Ga shi, ba ƙari.

Sakamakonki ne ya buɗe mini baki. Ranar da saƙonki ya iso, da hantsi, Goggo tana wanki a tsakar gida, na ja kujera na faɗa wa Dadarki duk abin da likita ya ce, ban rage ba, ban sa masa zuma ba. Ta saurara idonta a rufe. Da na gama, tambayarta ta farko ita ce na kasuwa fa. Na ce na kasuwa da hannunta ta tsince shi ƙwaya-ƙwaya, kowa shaida ne. Ta ce alhamdu lillahi, ashe dai ba ta sayar wa ɗan kowa ba. Sai ta tambayi ku. Na faɗa mata na Nasiruddeen, na faɗa mata naki, da maganar allurar jariri. Hawaye ya gangaro ya shige kunnenta, na share. Can sai ta ce: “Hedimasta, ina gudumarka?”

Ni na cire kwanon da ya toshe ƙofar da hannuna. Ƙusoshin sun kama sosai, na daɗe ina fama. Goggo ta taso da kumfa a hannu tana salati, tana cewa za mu ƙarasa mata ƙanwa. Dadarki ta kira ta daga ɗaki da 'yar muryar da ta rage mata, ta ce: “Adda, ba Rebeka ba ce. Kwanon gyaɗata ne.” Goggo ta tsaya, ta koma bakin wankinta. Kada ki riƙe ta a zuciya. Ita ma neman wanda za ta kama take yi, domin ciwo ba shi da wuyan riga.

Rebeka ta shigo ba sallama, kamar kullum. Na zaci za a yi koke-koke da neman gafara. Ba a yi ba. Ta dubi Dadarki ta ce wannan rama haka, ko kazar mayu ta fi ta tsoka, wa yake ba ta abinci a gidan nan. Dadarki ta ce Hedimasta ne, shi ya sa. Suka yi dariya, iyakar wadda ciwon ya bari.

Sannan Dadarki ta sa aka jawo ragowar buhun bana zuwa bakin gado, aka ɗora mata faifai a cinya. Yatsunta ba ƙarfi, Rebeka ce ta yi yawancin tsintar. Da kwanon gida ya cika sai ta tura shi gaban ƙawarta, ta ce daga yau wannan ba na mutum ba ne, ba na kaza ba ne, ba na akuya ba ne, a haƙa rami a binne. Ta sa Rebeka ta yi alkawari za ta je gwaji, ta kuma faɗa wa sauran matan da ke sana'ar. Rebeka ta ce za su ce ta haukace, wa ya taɓa binne gyaɗa in ba shuka ba. Dadarki ta ce su ce.

Bayan 'yan kwanaki ta cika, ranar Laraba bayan Azahar, da kalmar shahada a bakinta. Goggo tana riƙe da kanta, Rebeka tana riƙe da ƙafafunta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Kin tambayi halin da nake ciki. Ban sani ba, Mufida. Na karɓi gaisuwa, na sallami baƙi, na kwashe kwalaben da ke kan tebur. Mutane suna yaba haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, abin ne bai iso ba tukuna. Rebeka ta je gwajin, tana jiran sakamako. Ta ci gaba da sana'ar ita kaɗai. Kowace yamma takan shigo ta 'yar ƙofar da kwanon gida a hannu, ni kuma in ɗauki fartanya mu zagaya bayan katanga.

Jiya tana juye kwanon sai ƙwaya ɗaya ta faɗo kusa da ƙafata, 'yar motsattsiya. Na sunkuya na ɗauka, na hure mata ƙasa, har na kai ta bakina yadda Dadarki take yi, don kada abincin Allah ya tozarta. Sannan na tuna. Na jefa ta cikin ramin, na mayar da ƙasa.

Idan kin yi arba'in ki kawo mini takwarar in gan ta. Ɗakin yana nan a share. Ki gaida maigidanki da duk mutanen gida. Allah Ya yi miki albarka.

Naki mahaifi,
Hammanjoda Saleh.