Na Ce Mata Nggih

Madiun, Talata

Zuwa ga ƙanwata Sumarni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Yau na tashi da tarin nan, salla ma sai a kan kujera. Ido kuwa kin sani, inuwa kawai nake gani. Waya nake faɗa wa tana rubutawa, in kin ga kuskure nata ne.

Dik, ƙanwata, na jawo wa 'yata Ninuk fitina. Kin san tana sayar da yajin gyaɗa na pecel, wato dafaffen ganyen da muke ci da shinkafa, a intanet, irin haɗin marigayiya uwarta. Kewar hannun matar tawa Sumirah ta dame ni, na ce bari in saya da kaina, don Ninuk ta ga sunana cikin masu oda ta yi dariya. Da na shiga shagon, wayar da ke karanta min komai sai cewa take, "Hoto. Hoto. Maɓalli. Hoto." An ce fuskar Sumirah na saman shafin. Ita ma hoto aka kira ta. Haka na fito ban iya sayen komai ba.

Ran Alhamis na ba da labarin a ƙungiyarmu ta makafi don nishaɗi. Abokina Pak Kardi ya ce, "Mbah Darmo, ka tsufa kana kayar da yara jarrabawa, yau kwalbar gyaɗa ta rama musu!" Aka yi ta dariya. Ban ce shagon 'yata ba ne, kada a ce 'yar makaho ta manta da makafi.

Akwai lauyar da ke taimakonmu, Bu Tiurma, 'yar birnin Medan, su can e ɗinsu e ne. Ta zauna kusa da ni tana zuba bayani, rabi ban kama ba. Ni kuwa ina ta "nggih, nggih", wato "e, e" a yarenmu, yadda aka rene mu: ana magana, ka nuna kana sauraro. Ashe a kunnenta na yarda ne. Ta aika wa shagon takardar gargaɗi da sunana a ciki, a gyara shi yadda makafi za su iya saye ko a haɗu a kotu.

Ninuk ta bugo ta ce, "Bapak, ashe sai da lauya za ka yi min magana?" Ta kashe. Ita kaɗai ta rage min a garin nan, Dik.

Ki sa ni a addu'a.

Yayanki,
Darmo

Madiun, Lahadi

Dik Sumarni,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, yaya ƙafarki? Tari ya lafa, saura rashin ƙarfi.

Na je na roƙi Bu Tiurma ta cire sunana. Ta cire, amma ta ce, "Mbah, tsakani da Allah, kun iya sayen?" Na ce ban iya ba. Ta ce ƙungiya ba za ta janye ba sai an gyara, don wasu ma sun gwada sun kasa. Ban iya jin haushinta ba. Da ma na kira Ninuk tun ranar farko na gaya mata da bakina.

Jiya na sake shiga shagon. An gyara shi. Wayar ta ce, "Ibu Sumirah, tana murmushi, da shuɗin kallabi, turmi a gabanta." Na san kallabin, ni na sayo shi. Na sa ta maimaita har batiri ya mutu. Wa zai rubuta haka in ba Ninuk ba?

Na ari wayar maƙwabciya na kira Ninuk. Na ce, "Nduk, 'yata, ki zo gobe mu ci pecel tare." Ta ce, "Nggih, Pak." Yanzu an dafa min shinkafa da ganye, na sa rigar Juma'a, na fito da kujera baranda.

Ki gaida mutanen gida.

Yayanki,
Darmo

Ƙari: An kira magariba, ganyen ya yi sanyi. Ba ta zo ba. Na manta ni na koya mata kalmar nggih.