Batta Mai Hoton Sarki

Daga Babban Magatakardan Fadar Mai Martaba Sarkin Montalbrico, zuwa ga Uwargida Zelinda a Marsiliya, birnin bakin teku. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya ke da maigidanki Ermete da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa sanyin bana ya zo da sauƙi. Mutanen gidanku duk lafiya, in ban da Goggo Clorinda da gwiwa ke damu.

An umarce ni in sanar da ke cewa mahaifinki, Waziri Ottavio, ya sauka. Kin san shekarun da ya yi yana riƙe da ƙasar nan. Shi ya gina gadar kogi, shi ya hana sojojin Ostiriya kwana a garinmu, kuma shi ya sa hannu a takardar korar mijinki saboda zancen haɗe ƙasashen Italiya. Ba na ɓoye wannan.

Ran Lahadi ɗan saƙon fada ya kawo masa battar taba ta zinariya mai hoton Sarki a murfi. Goggo ta ɗauka girma aka ƙara masa. Ta yanka zakara, ta kira maƙwabta, har ta sa aka buga ƙararrawar coci. Ta manta cewa a fadar nan ba a korar waziri da baki, batta ake aiko masa. Baba ya zauna cikin baƙi yana karɓar barka har suka watse. Daga baya ya ce da Goggo zakaran ya yi daɗi.

Tun ranar, kullum da safe yana sa baƙar rigarsa ya tsaya a ƙofa, keken dokin fada kuwa ba ya zuwa. Abinci ya rage ci. Shekaranjiya ya zuba tabar a murhu, ya sa ɗan kunnenki da kika bari a cikin battar. Ya ce ya yi wa Sarki biyayya a kanki, ke 'yarsa, ga abin da aka biya shi. Bai ce ki zo ba, kin san shi. Amma ya tambayi ranar da jirgin ruwan Marsiliya ke isowa tashar Liborno. Likita ya duba shi, ya ce kada a jira bayan kaka, lokacin tsintar gujiyar dutse.

Ki gaida Ermete, da 'yarki Fosca, da jaririn da ban gani ba.

Yaya, na san kin gane tun inda na ce Baba. Babu wani magatakarda, Nerino ne, mai sa kwaɗo a hular limamin coci, wanda karatunsa bai wuce addu'o'i ba. Na ari hatimin Baba don kada a buɗe wasiƙar a kan iyaka, gobe za a zo daga fada a karɓe shi. Da na sa sunana a sama, cewa za ki yi tsiyata ce. Wannan karon ba wasa nake ba. Ki zo.

Ƙaninki,
Nerino