Littattafan da Suka Sha Hannu

Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidan. Yaya ƙafar 'yarki Tsigi, ɗorin ya fara kamawa? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonki ya iso, har da faɗan. Kin ce tunda yarinyar nan ta karye ta juya fuska bango, ba ci ba magana, kika roƙe ni littattafan da za su ɗebe mata kewa, ni kuma na aiko miki tsummoki. Yi haƙuri ki ji yadda na zaɓa.

Kin san karatuna bai yi nisa ba. Amma na san takalmi: wanda mai shi ke so, shi ne dunduniyarsa ke cinyewa. Sai na tsuguna wurin tsohon nan mai sayar da tsofaffin littattafai kusa da rumfata. Duk mai sheƙi na ajiye, don babu yaron da ya wuce farkonsa. Na ɗauki na akuyar da ta ɓuya a jirgin ruwa, saboda gefensa ya yi baƙi da yatsu. Na yarinya mai gyaran agogo, wani ya tauna kusurwarsa. Na tsuntsaye kuwa, kowane tsuntsu an zana masa gashin baki. Na ɗinke su da zaren aiki, na shafa gam.

Kada ki matsa mata. Ki ajiye kusa da matashinta kawai, ki fita.

Ƙaninki,
Mai Takalmi

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wallahi wasiƙarki ta sa ni dariya har abokin rumfata ya leƙo. Ashe Tsigi ta yi magana, ko da masifa ta fara! Kin ce ta yi jifa da littafin akuya, wai shafin ƙarshe babu, kawunta ya cuce ta. Gaskiyarta. Yatsu na duba, ban duba ƙarshe ba.

Tsohon ba shi da irinsa. Na samo shi a ɗakin karatu na unguwa, amma ba a fita da shi. Haka na riƙa rufe rumfa da wuri, in zauna a 'yar kujerar yara, gwiwa har haɓa, ina bi da yatsa tun daga farko. Wata 'yar ƙarama ta ji tausayina, tana faɗa min kalmomin da suka gagare ni. Yaya, shi ne littafi na farko da na gama a rayuwata.

Yanzu na san ko akuyar ta koma gida, amma ba zan rubuta ba. Ki gaya wa Tsigi ina nan tafe ƙarshen mako. In tana son ji, ta ci abinci, ta ɗauki sandar da likita ya ba ta, ta tarye ni a bakin ƙofa. Na ɗinka mata takalmi, ƙafa biyu.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Mai Takalmi