Kwalaben da Suka Dawo Cike

Litinin, 7 ga Oktoba
Ma'aikatan hukumar kula da abinci sun zo shagon matata Kausara a unguwar Alabar. Sun kwashe jam ɗin abarba, wanda ake shafa wa burodi, sun garƙame ƙofa. Wai gwaji ya nuna gwanda da kala a ciki, alhali takardar jikin kwalba ta ce abarba zalla. Ni na rubuta takardar nan. Duk zamana a gidan jarida ban taɓa sa hannu kan abin da ban tabbatar ba.

Talata, 8 ga Oktoba
Wa ya kai ƙara? Brimah mai shagon gefe ya yi mini jaje har sau biyu. Jajen ya yi yawa.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na je ofishinsu. Wani jami'i, Sadick, ya ce kwalabe kaɗan ne suka faɗi gwajin, sauran lafiya. Idan ba mu bayyana yadda aka yi ba, lasisi ya tafi. Yana ta murmushi. Ban san me yake jira ba, ban kuma tambaya ba.

Asabar, 12 ga Oktoba
Na tsaya ina kallon Kausara a madafa. Abarba ta yi tsada bana, gwanda kuwa ga ta ko'ina. Allah Ya yafe mini, na buɗe buhunanta bayan ta fita. Ta gane. Ta ce, "Baban Huda, ka gama binciken? Saura ƙarƙashin gado." Ba ta ci abinci tare da ni ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Na kai wa maƙwabciyarmu Hajiya Mamuna maganin ƙafarta. Tsohuwar ta miƙo mini kwalbarmu, da takardarmu a jiki, cike da wani abu ruwan ɗorawa. Kausara kan aika mata jam kyauta, ashe ita kuma takan dafa gwandar bayan ɗakinta ta cika kwalaben ta mayar. Na ce don me, Hajiya? Ta ce, "Ni in mai da kwano wofi? A gidan wa aka rene ka?" Kalar kuma don ya yi kyau paa, wato sosai, in ji ta.
Kwalba iri ɗaya, murfi iri ɗaya. A madafarmu suka shiga kwali da sauran.

Litinin, 14 ga Oktoba
Na ce gobe zan faɗa wa Sadick komai, da suna. Kausara ta ce tun ranar farko ta gane. "Matar da ta yi mini wankan jego za ka kai wa masu kaki? Su rufe shagon." Na ce gaskiya gaskiya ce. Ta ce to in buga ta a jarida.

Laraba, 16 ga Oktoba
Sadick ya tambayi wa ya cika kwalaben. Na ce daga madafarmu suka fito, sakacinmu ne. Ya daɗe yana dubana, sannan ya rubuta. Shago a rufe zuwa sabuwar shekara, sai an sake duba madafa. Lasisi yana nan.
Ban yi ƙarya ba. Na dai cire sakin layi ɗaya, abin da a da nake mayar wa ɗan rahoto labarinsa a kai.
Da yamma Kausara ta aika wa Hajiya jam, a kwanon silba wannan karon. Ni na kai.